Wane Kwas Ɗanka Zai Karanta? Shawara Ga 'Yan Uwana Mazauna Masaka

Yau ina so ne mu tattauna a kan wata magana da ke tasowa kowace shekara a majalisunmu, da ƙofar masallatai, da teburan masu shayi, da zarar hukumar JAMB ta fara sayar da fom. Wato maganar wane kwas ya kamata yaro ya cika. A wannan lokaci za ka ga kowa ya zama mai ba da shawara. Wannan ya ce likita, wancan ya ce lauya, wani kuma ya ce duk ɓata lokaci ne, a kai yaro Dei-Dei ko Apo ya koyi abin da zai ci abinci da shi. Shi kuwa yaron yana gefe ya yi tsuru-tsuru, babu mai tambayarsa, alhali shekaru huɗu zuwa shida na rayuwarsa ake yanke wa hukunci, tare da kuɗin da mahaifinsa ya tara da gumin goshi.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: kwas yana da tasiri ƙwarai a kan abin da yaro zai zama, amma ma'aunin da muke auna kwasa-kwasan da shi ya tsufa. Kuma mu da muke zaman ci-rani a bakin Abuja, lissafinmu ya sha bamban da na ɗan uwanmu da ke zaune a Kano ko Katsina ko Sakkwato. Bari in yi bayani dalla-dalla.

Mu fara sanin inda muke zaune

Idan muka je gida ganin dangi, kowa “ɗan Abuja” yake kiranmu. Amma a takarda Masaka tana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ne, a Jihar Nasarawa, wadda aka ƙirƙira a 1996. Abuja wajen nemanmu ne, nan kuwa makwancinmu. Yawancinmu mun taru a wannan hanya ta Keffi ne bayan dawo da babban birnin tarayya daga Legas a 1991, wasu kuma rusau na zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, tsakanin 2003 da 2007, da hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006, su suka turo su nan. Mun iske Gwarawa da sauran masu gari, mun zauna da su, mun haifi 'ya'ya, 'ya'yan sun girma, wasunsu ma ba su san hanyar ƙauyen kakanninsu ba.

To, me ya haɗa wannan da zaɓen kwas? Abin da ya haɗa su shi ne takardar shaidar asali. Yaron da aka haifa a Masaka, ya yi firamare da sakandare a nan, ranar da zai nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati, asalin mahaifinsa za a tambaye shi. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne kashi uku: kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi maki, kashi 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Kebbi da Zamfara duk suna cikin wannan rukuni na ƙarshe, saboda haka a wajen shiga jami'ar tarayya 'ya'yanmu suna da wata 'yar dama da ya kamata mu sani, mu yi amfani da ita. Amma a jami'o'in jihohi, galibi ɗan jiha ake fara dubawa, kuma kuɗin makarantar baƙo ya fi nasa.

Wajen aiki kuwa abin ya fi tsanani. A jihar da muke zaune baƙi ne mu. A jihar da muka fito kuma an manta da mu, domin ba mu cikin siyasar mazaɓa, ba mu da kansila ko ɗan majalisar da ya san fuskarmu. A gwamnatin tarayya akwai tsarin rabon daidai tsakanin jihohi, amma kowa ya san yadda gurbin jiha yake ƙarewa a hannun masu uwa a gindin murhu kafin labari ya iso Masaka. Wannan shi ne tushen maganata. Yaron da ba shi da wanda zai ɗaga waya dominsa, bai kamata ya karanta abin da ba shi da kasuwa sai a ofishin gwamnati ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kwasa-kwasan kashi uku ne

A nawa ganin, idan ana maganar abin da kwas zai amfana wa mutum wajen neman abinci, za a iya kasa su kashi uku.

Kashi na farko su ne masu lasisi, wato waɗanda doka ta hana kowa yin aikinsu sai wanda ya karanta, ya kuma yi rajista da hukumar da ke kula da sana'ar. A nan akwai likitanci, da aikin jinya da ungozoma, da harhaɗa magunguna, da gwaje-gwajen asibiti, da likitancin dabbobi, da aikin lauya, da injiniyanci, da safiyo, da zanen gine-gine. Darajarsu ta samo asali ne daga wannan shinge. Ɗan minista ba zai iya yi wa mutum tiyata don kawai mahaifinsa minista ne ba. Sai dai shingen yana da tsada. Likita shekara shida yake yi, sannan shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan bautar ƙasa. Lauya shekara biyar, sannan ya wuce makarantar horar da lauyoyi, wadda hedikwatarta ke nan Bwari, tana kuma da rassa a wurare irin su Bagauda da Yola. Injiniya ma shekara biyar ne. Ka ƙara da yajin aikin malaman jami'a, wanda ya ci wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, sai ka ga lallai uban da zai shiga wannan hanya yana bukatar dogon numfashi.

Kashi na biyu su ne masu koyar da wani abu da ake iya sayarwa kai tsaye ko da babu lasisi, irin su kimiyyar kwamfuta, da lissafin kuɗi, da ƙididdiga, da aikin gona, da fasahar lantarki, da harsuna. Waɗannan amfaninsu ya rataya ne a kan abu guda: shin yaron ya iya abin da gaske, ko kuwa haddar takardun malami ya yi ya ci jarrabawa? Akwai masu digirin kwamfuta da ba su taɓa gina ko da ƙaramar manhaja ba, kuma kamfani ba ya ɓata minti goma kafin ya gane su.

Kashi na uku su ne masu buɗe ƙwaƙwalwa amma ba su ɗora mutum a kan wata sana'a takamaimai ba, irin su kimiyyar siyasa, da nazarin zamantakewa, da tarihi, da sha'anin mulki, da hulɗar ƙasa da ƙasa. Ban raina su ba ko kaɗan. Al'ummar da ba ta da masana tarihi da siyasa, wasu ne za su riƙa ba ta labarin kanta. Amma gaskiyar magana, a nan ne cunkoso ya fi yawa, kuma a nan ne aka fi jibge yaran da ba su samu abin da suka nema ba. Wanda ya shiga nan da son ransa, yana karatu, yana rubutu, ya iya Turanci da Hausa tsaf, zai samu hanya. Wanda aka jefa shi don kawai a ce yana jami'a, shi ne za ka gani bayan shekara biyar yana yawo da ambulan ruwan ƙasa daga sakatariya zuwa sakatariya.

Likita ko ba komai

Babbar cutar da ke damun iyaye a cikinmu ita ce ta “likita ko ba komai”. Na san wani maƙwabcinmu, mutumin kirki, mai sayar da hatsi, wanda ɗansa ya zauna jarrabawar JAMB sau huɗu yana neman likitanci. Kowace shekara makinsa yana isa ya shiga aikin jinya ko gwaje-gwajen asibiti, amma uban ya kafe. Da na ce masa, “Alhaji, a bar yaron nan ya karɓi abin da ya samu mana,” sai ya ce, “Malam, ni dai ina so kafin in mutu in ji an kira ɗana dakta.” A shekara ta huɗu yaron ya gaji, ya daina karatun gaba ɗaya. Sa'o'insa da suka karɓi aikin jinya tun farko sun kusa fitowa.

Mai karatu, a duba lissafin da idon basira. A 2025 kusan yara miliyan biyu suka zauna jarrabawar JAMB, kuma fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Guraben likitanci kuwa ƙayyadaddu ne, domin hukumar kula da likitoci ce ke yanke wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, gwargwadon malamai da gadajen asibitin koyarwarta. Don haka ba taurin kai ko yawan addu'a kaɗai ke buɗe ƙofar ba, sai da maki mai yawan gaske. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ba na musun cewa ƙasar nan tana bukatar likitoci. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kusan 16,000 sun bar Nijeriya cikin 'yan shekaru, suka nufi Ingila da Amurka da Saudiyya da sauransu. Yaron da Allah Ya ba ƙwaƙwalwar da kuma sha'awar, a tsaya masa da duk abin da ake da shi. Amma asibiti ba likita kaɗai ke riƙe da shi ba. Akwai nas, da ungozoma, da mai ɗaukar hoton ƙashi, da mai gwajin jini, da mai gashin ƙashi, da likitan ido, da mai ba da magani. Dukkansu suna da lasisi, dukkansu ana nemansu a gida da waje, kuma ƙofofinsu sun fi faɗi.

Waɗanda muke rainawa

Yanzu bari mu juya ga kwasa-kwasan da ake yi wa dariya a majalisa. Na farko shi ne koyarwa. Da zarar an ce yaro ya samu fannin ilimi, sai ka ji an ce “ayya”, kamar an yi rasuwa. Na san dalili. Makarantun kuɗi da suka cika lungunan Masaka da Ado da Mararaba, da yawansu ba sa biyan malami ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Amma malami ma iri-iri ne. Wanda ya ƙware a lissafi ko kimiyya ba ya rasa aiki, manyan makarantun cikin birni suna nemansa, iyaye suna biyansa ya koyar da 'ya'yansu a gida, kuma tun daga 2023 Ingila ta buɗe wa malaman Nijeriya masu koyar da lissafi da kimiyya da harsuna ƙofar neman shaidar koyarwa a can. Dokar 2022 kuma ta ɗaga shekarun ritayar malaman gwamnati zuwa 65. Kar mu manta Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Malam Aminu Kano, da Alhaji Shehu Shagari duk daga aji suka fito. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ma ilimin koyarwa da kimiyyar sinadarai ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma koyar a Katsina kafin ya shiga kasuwanci da siyasa.

Na biyu shi ne harshen Hausa. “Kai da aka haife ka da Hausa, me za ka je ka karanta a cikinta?” Haka ake cewa. To amma a dubi kasuwar. Sashen Hausa na BBC yana aiki tun 1957, kuma yana da babban ofishi a Abuja. Jaridar Aminiya tana fitowa tun 2006. Ga DW, ga RFI, ga TRT Afrika da ta buɗe sashen Hausa a 2023, ga tashar Arewa24, ga jaridun intanet barkatai. Kamfanin Google ya saka Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, kuma a yau masu gina ƙirƙirarriyar basira suna neman waɗanda suka iya rubuta Hausa daidai. Ƙungiyoyin agaji da ke da ofisoshi a Abuja kullum suna da takardun da ake son a fassara. Sharaɗin dai shi ne mutum ya haɗa Hausar da Turanci mai kyau da sanin kwamfuta. A nan ne ma yaran Masaka suke da wata baiwa da ba mu lura da ita ba: sun tashi cikin ƙabilu, bakinsu ya saba da Turanci da Buroka tun suna ƙanana. Abin da ke ba ni tsoro shi ne Hausar tasu ce ke lalacewa, kuma wannan laifin gida ne.

Na uku shi ne Larabci da nazarin addinin Musulunci. Idan yaro ya tsaya a kansu kaɗai, hanyarsa ba ta wuce koyarwa da limanci ba, kuma duka biyun aikin daraja ne. Amma idan ya haɗa da lissafin kuɗi ko shari'a, sai wata ƙofa ta buɗe. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, dukkansu hedikwatarsu na Abuja, kuma harkar kuɗi marar ruwa tana bukatar wanda ya san fiƙihun ciniki ya kuma san lissafin zamani. Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu tattalin arziki ya karanta a Zariya, ya je Khartum ya karanta shari'a. Haka shi ma Faransanci. 'Yan uwanmu da suka fito daga Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda 'ya'yansu ke jin Faransanci a gida, suna zaune kusa da hedikwatar ECOWAS da ofisoshin jakadanci masu yawa, amma ba kasafai suke ganin harshen a matsayin jari ba.

Na huɗu shi ne noma da kiwo da ma'adinai. Muna zaune a jihar da ke noma riɗi da doya da shinkafa, a bakin birnin da ba ya noma abin da yake ci. Shanu da tumakin da ake yankawa a Abuja, yawanci ta hannun mutanenmu suke bi, amma likitocin dabbobi nawa muke da su a cikinmu? A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin harkar kiwo. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe masana'antar sarrafa ma'adinin litiyam, wanda ake yin batir da shi, a nan Jihar Nasarawa. Idan ba mu tura 'ya'yanmu sun karanta ilimin duwatsu da haƙar ma'adinai ba, to a wuraren nan ma leburanci da gadi za su ƙare da shi, kamar yadda iyayensu suka yi a gine-ginen Abuja.

Masu cewa karatun duk ɓata lokaci ne

Akwai wani ɓangare na 'yan uwa da suka yanke ƙauna gaba ɗaya. Hujjarsu a fili take. Za su nuna maka mai digiri yana tuƙa Keke Napep daga Masaka zuwa Ado, su nuna maka yaron da bai gama sakandare ba yana canjin kuɗi a Zone 4 ya gina gida. Za su tuna maka da ranar 15 ga Maris, 2014, lokacin da dubban masu neman aikin hukumar shige da fice suka cika filin wasa na Abuja da na wasu garuruwa, aka yi turmutsitsi, mutane fiye da goma suka rasa rayukansu. Ba zan ce ƙarya suke yi ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33 cikin ɗari na waɗanda ke iya aiki kuma suke son yin sa ba su da shi. A 2023 adadin ya faɗo zuwa wajen kashi 4, amma ba don an samar da ayyuka ba, sai don an sauya ma'auni, aka ce duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ma'aikaci ne. Hukumar da kanta ta nuna cewa fiye da kashi 90 na masu aiki a ƙasar nan ba aikin ofis mai tsari suke yi ba.

Amma ni abin da na fahimta daga waɗannan alƙaluma daban ne. Ba cewa suke yi karatu ba shi da amfani ba. Cewa suke yi zamanin da kwali kaɗai ke ba da aiki ya wuce. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Kuma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, wa ke sayar da siminti, wa kuma ke sa hannu a takardar kwangila? A Banex wa ke riƙe da manyan shaguna? Idan hukuma ta zo rusau ko aka kama yaranmu a kan babur, lauyan wa muke nema? Idan matanmu za su haihu, a hannun wa suke haihuwa? Mun fi shekara talatin muna ɗauke da Abuja a ka, muna kawo mata nama da hatsi da ruwa da gadi, amma inda ake yanke shawara ba mu da yawa. Sana'a tana ciyar da gida, wannan babu shakka, amma ilimi ne ke kare sana'ar ranar da aka zo da takarda.

Wasu kuma sukan kawo misalin manyan mutane su ce kwas ba shi da wani tasiri. Ali Nuhu labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos, ga shi a 2024 an naɗa shi shugaban hukumar fina-finai ta ƙasa. Farfesa Abdalla Uba Adamu daga ilimin koyar da kimiyya ya fara, ya zama farfesa a fannin sadarwa da al'adu, ya shugabanci Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa daga 2016 zuwa 2021. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato zanen gine-gine ya karanta a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Amurka ya koyi zanen motoci, har ya zana motar Chevrolet Volt. Duk gaskiya ne. Amma a lura, babu ɗaya daga cikinsu da ya zauna ya rungumi kwali yana jira. Kowannensu ya ƙara wani abu a kan abin da ya karanta, ya yi shekaru yana wahala a kai. Darasin ke nan. Labarin Jelani kuma ya isa ya sa mu daina raina kwalejin fasaha. Har yanzu ana nuna wa mai babbar difloma bambanci a aikin gwamnati, ƙudurin da majalisa ta zartar a 2021 don kawar da hakan bai samu sa hannun shugaban ƙasa na lokacin ba. Amma mai gidan da ke son a haɗa masa sola ba ya tambayar digiri ko difloma, aiki yake dubawa. Ga kwalejin fasaha ta tarayya nan a garin Nasarawa tun 1983, ba ta da nisa da mu.

Maganar 'ya'ya mata

Ba zan rufe ba sai na taɓo wannan. Mu ne kan gaba wajen ƙorafin cewa namiji ne ya duba matarmu a asibiti, kuma mu ne kan gaba wajen cire yarinya daga makaranta da zarar ta gama sakandare. Waɗannan biyun ba sa haɗuwa. Aikin jinya, da ungozoma, da harhaɗa magunguna, da koyarwa, fannoni ne da mace za ta yi cikin mutuncinta, ta yi su a Masaka, idan aure ya kai ta Funtuwa ko Gusau ta tafi da lasisinta a jaka. Kuma idan yarinya tana da ƙwaƙwalwar lissafi ko shari'a, kar a danne ta a ce sai jinya dole. Wanda ke tsoron nisa, Jami'ar Jihar Nasarawa tana Keffi, tafiyar ƙasa da awa guda. Ga Jami'ar Abuja a hanyar Gwagwalada, ga kwalejin ilimi a Zuba, ga Buɗaɗɗiyar Jami'a da matar aure za ta iya yi daga ɗakinta. Sharaɗin ci gaba da karatu kuwa, a faɗe shi tun ranar da aka zo neman aure, a gaban waliyyai, kar a bari sai an ɗaura.

Abin da nake ba da shawara

Da farko, zaɓen kwas ba ranar cike fom ake yin sa ba, tun daga aji ɗaya na babbar sakandare ake yi, ranar da aka raba yara zuwa ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Uba ya je makarantar da ƙafarsa, ya zauna da malamai, ya ga sakamakon ɗansa a lissafi da Turanci, domin su biyun nan su ne mabuɗin kusan kowace ƙofa.

Na biyu, a tambayi yaron. A tambaye shi me yake so, kuma me ya iya, domin so daban, iyawa daban. Sannan a nemo wanda yake yin aikin a zahiri, ba wanda ya ji labari ba, yaron ya zauna da shi ya ji daɗin aikin da wahalarsa.

Na uku, kafin a biya ko sisi, a tabbatar hukumar kula da jami'o'i da hukumar sana'ar sun amince da kwas ɗin a wannan makaranta. Yara da yawa sun gama karatu sannan suka gano ba za a ba su lasisi ba. A kuma yi hattara da digirin mako shida na ƙetaren iyaka, wanda asirinsa ya tonu har gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon 2024.

Na huɗu, kowane kwas yaro zai karanta, ya haɗa da sana'ar hannu guda. Hutun jami'a da yajin aiki sun isa a koyi haɗa sola, ko wayarin, ko gyaran waya, ko ɗinki, ko sarrafa bayanai a kwamfuta. Mu da muke da shaguna da garejoji a cikinmu, mu buɗe wa ɗaliban unguwa ƙofa. Alawus ɗin bautar ƙasa ya koma naira 77,000 a 2025, kuma yaron da ke da sana'a a hannu zai iya fitowa daga wannan shekara da ɗan jari, maimakon ya fito da sabuwar waya.

Na biyar, rashin kuɗi kar ya sa a yanke ƙauna tun ba a bincika ba. Tun 2024 akwai asusun lamunin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati, babu ruwa a cikinsa, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Jihohinmu na asali ma suna da hukumomin tallafin karatu. A je gida a karɓo wa yara takardar asali tun da wuri, a riƙa kai su suna ganin dangi, domin ranar bukata ba a san su ba sai an sha wuya.

Daga ƙarshe ina kira ga sarakunan Hausawa, da limamai, da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa na wannan yanki. Muna iya tara kuɗi mu yi taron siyasa ko walima. Me zai hana sau ɗaya a shekara, kafin a fara sayar da fom, a tara yaran aji uku da iyayensu a harabar wata Islamiyya, a gayyato nas da injiniya da lauya da ɗan jarida da akanta daga cikin 'ya'yanmu, kowa ya yi bayanin hanyarsa da Hausa? Wannan ba ya bukatar gwamnati, tabarma da lasifika kawai yake bukata. Mu mun zo garin nan da ƙarfin jikinmu, kuma alhamdu lillahi ya rufa mana asiri. Amma ƙarfi yana ƙarewa, Abuja kuma kullum ƙara tsananta sharuɗɗanta take yi. Abin da za mu bar wa yaran nan shi ne ilimin da ba sai sun durƙusa wa kowa ba kafin su ci abinci da shi.

Wannan shi ne ɗan abin da na hango. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani da sana'a mai albarka, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu. Wassalam.